Kujerun Aro

Tun da sassafe gidanmu ya fara cika da kayan mutane.

Kujerun laushi guda uku na matar direba ne. Talabijin ta mai kanti ce, ko hoton kirki ba ta kamawa, amma Umma ta ce ai ba kallo za a yi ba, a dai gan ta a kafe. Firij kuwa na malamar asibiti ne da ke bene, sai da maza huɗu suka sauko da shi suna nishi. Labule, dardumar tsakar ɗaki, har kofunan gilashi, babu namu ko ɗaya.

Duk wannan hidima saboda Gwaggon Mai Gilashi ce, wadda ta ce yau za ta zo ta ga gidan da ɗan ƙaninta yake neman aure.

Mai Gilashi yana da shaguna biyu na gilasan taga, ga mota, ga tumbi. Ba mugu ba ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Ni dai ba na son sa, iyakarta ke nan.

Ina goge firij ɗin na ce, "Umma, me ya sa sai mun nuna mata abin da ba mu da shi?"

"Kin fara ko?" in ji Umma, ko juyowa ba ta yi ba. "Babanku dai ya cuce ni da ya sa miki Me-ya-sa. Sunan ya bi ki har kin girma."

Baba yana zaune a kujerarsa ta katako bakin ƙofa, ya ɗan karkace baki, dariyarsa ke nan yanzu. Shekara uku da ciwo ya shanye masa ɓarin dama ya tafi da maganarsa. A da kafinta ne. Tun da ya kwanta, abin da ke riƙe da gidan nan abu biyu ne: gugar da nake yi a shagon wanki, da katin tallafin abinci. Duk farkon wata mu kai katin zuwa cibiyar tallafi a ba mu shinkafa da wake da mai da madarar gari. Bakin mutum biyar ne a kansa, ni da Umma da Baba da ƙannena mata biyu da ke makaranta. In katin nan ya tafi, gugata ba za ta kai mu tsakiyar wata ba.

Umma ta ajiye tsumma ta zauna a bakin kujerar aro, a ɗarare, kamar tana tsoron ta ɓata ta.

"Zo nan," ta ce.

Na durƙusa gabanta.

"Har yanzu yaron nan yana ranki?"

Yaron nan shi ne Mai Fom, ma'aikacin cibiyar tallafin. Shi ke bi gida gida da fom yana tantance waɗanda suka cancanta. Wata goma sha ɗaya ke nan da ya ce yana so na.

"Yana raina, Umma."

"Kin san dokarsu. Ke ce ma kika gaya min. Ma'aikacinsu ba ya haɗa alaƙa da gidan da ke karɓa. Ranar da aka ce ke da shi, ranar za a yanke mana kati. Me zan zuba wa Babanku? Soyayya zan dafa masa?"

"Umma, zan ƙara aiki. Zan karɓi gugar unguwa."

"Hannu nawa gare ki? Dubi yatsunki duk tabon ƙuna. Ni ba tilas nake miki ba, Allah ya gani. Amma na gaji. Na gaji da tsayuwa a layi ina rufe fuska da mayafi kada 'yan uwana su gan ni. Mutumin nan ya ce zai riƙe gidan nan. Ki tausaya min."

Ta fara kuka, ni ma na fara. Na kifa kaina a cinyarta, ta dafa ni, ba wadda ta rarrashi wata. Na sha jin ana cewa uwa ta matsa wa 'yarta. Da faɗa take min da na samu bakin musu. Kuka take min, shi ya fi ciwo.

*

Yadda na san dokokin cibiyar nan kuwa, bakina ne ya jawo.

Ranar farko da Mai Fom ya zo gidanmu, siriri da shi, da katin aiki rataye a wuya, yana rubutu ina leƙen takardarsa. Na tambaye shi me ya sa yake kallon rufin ɗaki. Ya ce kowane abu da makinsa. Na ce me ya sa yake leƙa inda muke girki. Ya ce haka fom ya ce. Na ce wa ya rubuta fom ɗin, ya taɓa jin yunwa? Sai ya ajiye biro ya dube ni sosai.

Daga nan duk farkon wata in na je karɓar kaya sai na tafi da sabuwar tambaya. A hankali na haddace lissafinsu: firij maki goma, talabijin biyar, kujerun laushi biyar, darduma uku. Gidan da ya haura ashirin ya fita. Na san ana zuwa tantancewa sau ɗaya a shekara, ba sanarwa. Abu ɗaya ne bai taɓa gaya min ba, ranar zuwa.

"Ko ni ba za ka gaya wa ba?"

"Ke ce ma ba zan gaya wa ba," ya ce. "In na gaya miki sau ɗaya, kin daina yarda da ni ke nan, ko ba ki sani ba."

Haushi ya kama ni, na yi kwana huɗu ba na ɗaga wayarsa. Kuma a kwana huɗun nan na tabbatar shi nake so.

Makon jiya ya tare ni a bayan shagon wanki, duk ya rame.

"Na ji an sa ranar zuwan dangin mai gilashin nan," ya ce.

"An sa."

"Ki ba ni kwana goma. Akwai abin da nake yi."

"Mene ne?"

"Ba zan faɗa ba tukuna."

"Kullum ba za ka faɗa ba. Ni zan ta jira kana ɓoye min magana, Umma tana kuka a kaina?"

Ya sunkuyar da kai. Na tafi na bar shi tsaye, ina hawaye ina kuma ta saƙa ko me yake ƙullawa. Tun ranar tambayar take cin raina.

*

Gwaggo ta iso bayan azahar, ita da wata ƙawarta. Babbar mace ce, zobba a kowane yatsa, turarenta ya riga ta shigowa. Ta zauna a kujerar tsakiya tana gaisawa da Umma, idonta kuwa yana yawo, daga labule zuwa talabijin zuwa firij. Na lura da ita sosai. Yadda take kallon ɗakin nan, fom kawai ta rasa.

Na jera musu abinci, shinkafa da miya da nama, da madara mai sanyi a kofunan gilashi. Shinkafar kwana biyar Umma ta juye a tukunya ɗaya. Don a samu wannan yawan, kwana uku muna ɗora tukunya sau ɗaya a yini.

"Ma sha Allah," in ji Gwaggo. "Ai an ce min gidan rufin asiri ne. Ga shi na gani da idona."

Umma ta yi murmushi har haƙoranta suka fito. Rabon da in ga wannan murmushin tun Baba yana lafiya.

Suna cikin ci aka yi sallama a ƙofa.

Na ɗaga labule. Wata mata ce doguwa mai tabarau, riƙe da allon rubutu, katin aiki a wuyanta. Na san ta, Shugabar cibiya ce, sau biyu na taɓa hango ta ta tagar ofis. A bayanta Mai Fom ne tsaye, hannunsa babu komai.

Ya leƙa ɗakin ta saman kafaɗata. Ya ga kujeru, ya ga firij. Na ga fuskarsa ta canza.

"Tantancewa muka zo," in ji Shugaba. "Za mu iya shiga?"

Na matsa na ba su hanya. Amma ko a wannan hali sai da raina ya tambaya: me ya sa ita da kanta? Tantancewarmu ta bana saura wata huɗu. Kuma Shugaba ba ta bin gidaje.

Ta shigo ta gaida Baba da ladabi, ta gaida Umma, ta gaida baƙi. Mai Fom ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaida kowa, bai wuce nan ba.

"Su wane ne?" Gwaggo ta tambayi Umma.

"Ma'aikata ne," in ji Umma. "Na ƙidayar jama'a."

Shugaba ta ɗago ta dube ta ta saman tabarau. Ta buɗe fom.

"Mama, wannan firij ɗin naku ne?"

Umma ta dubi Gwaggo, ta dubi fom.

"Namu ne."

Biro ya motsa. Goma, na ce a raina.

"Talabijin fa?"

"Tamu ce."

Sha biyar.

Na buɗe baki zan yi magana, Umma ta damƙe wuyan hannuna ta ƙarƙashin mayafi, har farcenta ya shige ni.

"Kujerun nan?"

"Namu ne."

Ashirin. Shugaba ta dubi ƙasa, ta taka darduma da ƙafa, ta rubuta ba tare da ta tambaya ba. Na dubi Mai Fom. Ya san kujerun nan, ya sha ganin su a gidan matar direba. Amma bai ce uffan ba. Daga baya na ji an ja masa kunne tun a hanya cewa in ya sa baki an soke tantancewar gaba ɗaya.

"Mama," in ji Shugaba a hankali, "da abin da na rubuta, gidan nan ya haura. In kika sa hannu, katin tallafinku ya tsaya daga wannan watan."

Gwaggo ta ajiye cokali.

"Katin tallafi? Au, kuna karɓar abincin tallafi ne?"

Umma ta sunkuyar da kai.

Na zaci Gwaggo za ta tashi ta fita. Ina! Sai ta gyara zama ta yi dariya.

"To me ye na damuwa? Baiwar Allah, yanke katin. Ɗana ba zai auri 'yar gidan da ke bin layi ba dama. Daga ranar da aka sa rana, buhunan gidan nan a wuyansa suke. Sa hannu kawai, 'yar uwa."

Nan na gane inda aka kai ni. In Umma ta sa hannun nan, abincin Baba ya koma aljihun Mai Gilashi. Daga ranar ba ni da bakin cewa a'a, ko da kuka ko ba kuka.

Shugaba ta miƙa wa Umma biro. Umma ta karɓa.

"Saura tambaya ɗaya kafin ki sa," in ji Shugaba. "Jiya sau nawa aka ci abinci a gidan nan?"

"Sau uku," in ji Umma, da wata ƙaramar murya.

Sai muka ji ƙwanƙwasa. Baba ne yake buga hannun kujerarsa da hannun hagu. Kowa ya juya. Ya ɗaga hannun a hankali, ya lanƙwashe yatsu huɗu ya bar ɗaya a tsaye. Ba Shugaba yake kallo ba, Umma yake kallo, hawaye yana bin gefen fuskarsa da ya shanye.

Biro ya faɗi daga hannun Umma.

Sannan ta saki hannuna, ta miƙe tsaye, ta share fuskarta da bakin mayafi.

"Sau ɗaya ne," ta ce. "Shekaran jiya ma sau ɗaya. Firij na malamar asibiti ne. Talabijin ta mai kanti ce. Kujerun da kuke kai na matar direba ne. Darduma da labule na maƙwabciyata ne. Shinkafar da kuka ci ta tallafi ce. A ɗakin nan abin da yake nawa shi ne mijina da 'yata."

Ƙawar Gwaggo ta ture farantin gabanta a hankali. Gwaggo ta miƙe tana gyara mayafi.

"Talauci ba abin kunya ba ne," ta ce. "Amma a zaunar da ni a kujerar aro a mayar da ni sakarya? Zan gaya wa ɗana abin da na gani."

Suka fita. Ba wanda ya raka su.

*

Shugaba ta ciro sabon fom, amma ba ta rubuta komai ba.

"Mama, na yarda da ke. Sai dai abin da ido ya gani nake rubutawa, ba abin da kunne ya ji ba. A mayar wa masu kaya kayansu. Ina zaune, ba sauri nake ba."

Da safe da aka shigo da kayan nan unguwa ba ta gama tashi ba. Yanzu kuwa rana tsaka, kowa yana ƙofar gida. Na ce wa Umma ta zauna ni zan kai. Ta ce a'a, ita ta aro. Ta naɗe darduma ta ɗora a ka ta fita, ba ta ko rufe fuska ba.

Mai Fom ya dubi Shugaba. Ta ɗan gyaɗa kai. Ya cire katin wuyansa ya ajiye a kan allonta, ya naɗe hannun riga. Ni da shi muka kama kujera ɗaya, shi gaba ni baya.

A kan hanya na kasa haƙuri.

"Me ya sa ta zo da kanta?"

"Ni na jawo," ya ce, bai waiwayo ba. "Na rubuta wa ofis cewa ina neman aurenki. Doka ta ce in ma'aikaci ya bayyana, Shugaba za ta sake tantance gidan da kanta. Ban san yau za ta zaɓa ba. Wallahi ban sani ba."

"Ka kusa kashe mu."

"Na sani."

"To yanzu ai yankewar ce dai. Ko ɗakin ya koma fanko, alaƙar fa?"

Muka ajiye kujerar a ƙofar matar direba, tana ta tambayar ko lafiya. Na bar shi da ba ta amsa.

Kafin la'asar ɗakinmu ya dawo yadda na san shi: tabarma biyu, kujerar Baba, rediyon da ba ya kama tasha sai an buge shi, da igiyar shanya. Shugaba ta zaga ta duba rufi, ta leƙa inda muke girki, ta buɗe buhun shinkafa ta ga abin da ya saura. Ta yi ta rubutu. Ni kuwa ina daga gefe ina leƙe, na ga maki huɗu.

"Gidan ya cancanta," ta ce. "Saura layi na ƙarshe. Mama, ma'aikacinmu ya rubuta cewa akwai maganar aure tsakaninsa da 'yarki. Maganarsa kaɗai ba ta isa ba, sai gidan ya amsa. Akwai, ko babu?"

Umma tana zaune a tabarma, duk ta jiƙe da gumi. Ta dube ni. Ban iya ɗaga ido ba.

"In na ce babu fa?"

"Kati yana nan, shi ma yana nan a aikinsa. Amma daga yau ba shi ba ƙofar gidan nan."

"In na ce akwai, kin yanke mana."

"Wa ya ce miki? Dokar hanya biyu ta bayar. Ko gidan ya fita, ko ma'aikacin ya fita. Ba wanda ya taɓa zaɓar ta biyun, shi ya sa mutane ba su san da ita ba." Ta zaro wata takarda daga ƙasan allon. "Shi ya riga ya sa hannu tun makon jiya. In kika ce akwai, kati yana nan. Aikinsa ne ya ƙare yau."

Na juya na dube shi. Tun ranar da ya fara zuwa gidanmu nake tatsar mutumin nan dokoki, na ɗauka na haddace su tsaf, ashe wadda ta fi shafata ita ya ɓoye.

Umma ta kira shi da hannu. Ya matso ya durƙusa gabanta.

"Shekara nawa kana aikin nan?"

"Bakwai, Umma."

"Kana da wani a hannu?"

"Babu tukuna. Ina nema."

"Mahaifiyarka ta sani?"

"Ta sani. Ta yi kuka, daga baya ta sa min albarka."

"To kai da me za ka ciyar min da 'ya?"

Na so ya yi mata alkawari, ko na ƙarya ne, ko don ta samu abin kamawa.

"Ban sani ba tukuna, Umma," ya ce. "Abin da na sani, ba da abincin Baba ba."

Umma ta rufe ido. Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba. Ta juya wajen Baba, suka kalli juna, irin kallon da suke yi tun da magana ta ƙare tsakaninsu. Ban san me ya ce mata ba. Sau ɗaya dai a rayuwata ban tambaya ba.

Ta miƙa hannu ta ɗauki biron da ya faɗi a ƙasa.

"Rubuta akwai," ta ce wa Shugaba. "Nuna min inda zan sa hannu."